Milimita 200, 170 ko 250: zurfin shok nawa keken gangara yake buƙata?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan. Watan jiya abokan aiki suka ja ni zuwa Fort William, muka yi hayar kekuna, motar igiya ta hau da mu dutse muka gangaro. Tun ranar abin ya shiga raina. Yanzu ina son sayen na hannu, kuma biyu nake dubawa: ɗaya shok ɗinsa yana nutsewa milimita 200 gaba da baya, ɗayan 170. Wani kuma ya ce mini akwai tsofaffi masu 250, wai sun fi duka. Milimita nawa ne ya ishi keken gangara? Ko duk wanda ya fi nutsewa shi ya fi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da shigowa wasan da ke cinye albashi.

Bari mu fara daidaita kalmomi. Abin da ka kira nutsewa ni zurfin shok nake ce masa, wato tazarar da taya take iya tafiya sama daga inda take a sake har inda ƙarfe ya tare ta. A gaba fok ne ke wannan aiki, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, kuma lambar da ake rubutawa ita ce tsawon da sandunansa ke shigewa. A baya kuwa tafiyar tayar ake aunawa. Shok ɗin baya na irin waɗannan kekuna yawanci milimita 75 kacal yake shigewa, hannuwan firem ne ke ninka wannan har ya zama 200 a taya. Tambayarka gida biyu ce ke nan: nawa ne ya isa, kuma ko ƙari kullum riba ne.

Keken da aka ƙera don gangara zalla 200 yake da shi a gaba, a baya kuma tsakanin 190 da 215 ko kusa da haka. Maƙera sun taɓa wuce nan, suka dawo da ƙafarsu. Amma kai ba lallai ne 200 kake buƙata ba, domin abin da ke cin zurfin shok shi ne gudu a kan duwatsu. Tsayin tsalle ba ya cin sa yadda mutane ke zato. Shekara goma sha biyu ke nan ina kwance shok ina ɗaurawa a wani shago da ke gindin tsaunukan Alps na Faransa, kuma mafi yawan waɗanda suka zo suna kukan zurfi bai ishe su ba, ko wanda suke da shi ba su taɓa cinyewa ba.

Yadda aka tsaya a kan 200

Tseren gangara ya fara ne babu shok ko ɗaya. A 1976 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya suka riƙa gangaro wata hanyar burji a kan tsofaffin kekuna masu birkin baya na feda. Birkin kan yi zafi har giris ya ƙone, sai an sake cusa masa wani bayan kowace gangarowa, daga nan hanyar ta samo sunanta, Repack, wato sake cusawa. Da aka yi gasar duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado a 1990, Greg Herbold ya ci tseren gangara da fok ɗin RockShox na farko, wanda zurfinsa bai wuce milimita 50 da wani abu ba. Yau keken zuwa kasuwa ma yana da fiye da haka.

Daga nan aka shiga rige-rigen ƙari. Ƙarshen shekarun 1990 fok ɗin Boxxer ya zo da wajen 150. Farkon shekarun 2000 kamfanin Marzocchi ya fitar da fok ɗin Super Monster mai milimita 300, don masu faɗowa daga bakin ƙwazazzabo. Kamfanin Santa Cruz kuma ya fitar da keken V10, wanda sunansa ma daga inci 10 na tafiyar tayar baya ya samo asali, wato milimita 254. Irin waɗannan ne mutumin nan yake ba ka labari, bai yi ƙarya ba, akwai su. Abin da bai faɗa maka ba shi ne V10 ɗin nan, da sunansa bai canza ba har yau, ya sauko 216, na baya-bayan nan kuma 208. Kamfanin da ya ci gasa bayan gasa da wannan keke bai rage zurfi don rowa ba. Agogo ne ya nuna masa haka, domin a tseren gangara agogo ne alƙali.

Kusan shekara ashirin ke nan fok ɗin gangara yana tsaye a kan 200. Fox 40 yana da 203, Boxxer 200. A tsawon wannan lokaci kusan komai na keken ya canza: taya ta tashi daga inci 26 zuwa 27.5, a 2017 aka fara ganin inci 29 a gasar kofin duniya a Lourdes, firem ya ƙara tsawo, fok ya ƙara kwanciya, faifan birki ya kai milimita 220. Zurfin kaɗai ya ƙi motsi. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da zurfi yake saya maka

Mutane da yawa sun ɗauka babban shok don babban tsalle ne. Mu yi lissafi na kan teburin mai shayi. A ce ka faɗo daga tsayin mita 2 zuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Abin da zai tare nauyinka shok ne da kuma gwiwoyinka da hannuwanka, waɗanda ke lanƙwashewa wajen milimita 400, gwargwadon tsawonka. Da keke mai 200 kana da tazarar tsayawa 600, da mai 170 kana da 570. In aka raba bugun daidai a kan wannan tazara, na farko zai sa jikinka ya ɗauki ninkin nauyinsa wajen 4.3, na biyu wajen 4.5. Ka ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuma masu gina hanya ba sa sa mutum ya sauka a shimfiɗe, sukan karkata masauki ya bi gangara, bugun ya ragu sosai. Babban shok ɗin tsalle ƙafafunka ne. Shi ya sa a A-Line ta Whistler a Kanada, hanyar da duk tsalle ce sumul, za ka ga yara suna shawagi a kan kekuna masu 150 ba abin da ya dame su. Kuma a 2021 Brandon Semenuk ya ci Red Bull Rampage a hamadar Yuta ta Amurka, gasar da ake faɗowa daga bakin duwatsu masu ban tsoro, da fok mai kafaɗa ɗaya, ba mai biyu irin na keken gangara ba, wanda bai kai 200 ba.

Inda ƙafa ba ta da amfani shi ne filin duwatsu da saiwoyi in ana gudu. Mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 1.3 ne ko kusa, saboda haka dutsen da ya bugi tayar gaba zai bugi ta baya kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya cika. Kafin saƙo ya je ƙwaƙwalwa ya dawo gwiwa, ka riga ka wuce duwatsu uku. A nan shok kaɗai ke aiki, kai fasinja ne. Duk wanda ya taɓa hawa babur a kan gargadar hanyar ƙauye da mataccen shok ya san wannan a ƙashin bayansa: ba rami ɗaya ke kashe mutum ba, jerin ƙananan ne da ba sa ba da sararin numfashi.

Sannan zurfin ba duka ake ajiye shi don bugu ba. In ka hau keke ka tsaya a kan feda, nauyinka kaɗai zai lotsa shok ɗin baya wajen kashi 30 cikin ɗari, na gaba kuma 15 zuwa 20. Da gangan ake saita shi haka, don in taya ta iske rami ta samu abin miƙewa ta bi ƙasa maimakon ta rataye a iska. Tayar da ke iska ba ta birki, ba ta shan kwana. A mai 200, lotsawar zama ta cinye 60, saura 140 na tarar bugu. A mai 170, ta cinye 51, saura 119. Abin da ke tsakanin kekunanka biyu a baya ke nan: milimita 21 na bugu da 9 na bin rami, faɗin yatsa ɗaya da rabi. Ƙarami ne a ido, amma yana ba bakanike damar sa sifirin mai ɗan laushi ba tare da shok ya riƙa ƙurewa ba, laushin nan kuwa shi ke sa taya ta manne da ƙasa, hannu kuma ya daɗe bai mutu ba.

Mutuwar hannu ita ce ainihin maganar a inda ka je. Babbar hanyar Fort William a kan dutsen Aonach Mòr ta kusa kilomita 3, tana saukowa sama da mita 500, gwanayen duniya ma sai sun shafe fiye da minti huɗu a kanta, kuma rabinta na sama dutse ne tsagwaronsa. A 2002 aka fara gasar kofin duniya a can. A irin wannan hanya, ko Val di Sole ta Italiya mai saiwoyi da ƙura, ko Mont-Sainte-Anne ta Kanada, minti na uku ne ke bambanta 200 da 170. Yatsu sun ƙage a kan birki, damtse ya kumbura, mai a cikin shok ya yi zafi ya tsinke. Wanda kekensa ya rage masa kaɗan daga kowane bugu, shi ke isa ƙasa da sauran ƙarfi.

Abin da ya hana a wuce nan

To in 200 ya fi 170 a duwatsu, me ya sa 250 bai fi 200 ba? Feda ce ta hana, da kwana.

Cibiyar da fedoji ke juyawa a kanta tana tsaye wajen milimita 350 daga ƙasa in babu kowa a kan keken. Hannun feda kuma 165 ne. In shok na gaba da na baya suka ƙure tare, cibiyar takan sauko har ta tsaya wajen 160 daga ƙasa. Ka ga feda in tana ƙasa ta riga ta taɓa turɓaya. Babu sauran wuri. Duk wanda zai ƙara 50 a zurfi dole ya ɗaga keken gaba ɗaya da kusan haka, mahayi ya koma can sama kamar mai raƙumi. A miƙaƙƙiyar hanya ba laifi, amma a kwana dogon keke yana jinkirin kwantawa, yana jinkirin tashi, kuma a kwana ake cin tsere. Baburan tseren ƙasa suna da wajen 300 domin nauyinsu ya haura kilo 100, gudunsu ya fi, kuma matakin ƙafarsu ba ya juyawa ƙasa kamar feda.

Na biyu, kowace milimita ta zurfi tana canza siffar keken yayin da kake kansa. Fok ɗin gangara a kwance yake, wajen digiri 63. In ka damƙe birki a gangara mai tsanani fok ya shige duka, goshin keken zai sauka kusan milimita 180, kwanciyar fok ta miƙe da wajen digiri 8, tayar gaba kuma ta matso ƙarƙashinka da kusan 90. Wato a daidai lokacin da ka fi buƙatar keken ya natsu, lokacin ne yake komawa gajere mai son jefa ka ta kai. Da 200 ana iya shawo kan wannan da saitin mai. Da 300 sai keken ya zama kwale-kwale.

Na uku, mai zurfi da yawa yana shanye ƙarfin mahayi. Gwani ba zama yake yi a kan keke ba, danna shi yake yi a bayan kowane tudu don ya ƙara gudu, ya ɗaga shi ya tsallake saiwa. Keken da ke lotsawa kamar katifa ba ya mayar da abin da aka danna masa. Akwai kuma tayar baya ta inci 29, wadda ko a 200 ma takan taso ta shafi mazaunin gajeren mahayi, abin da ya sa da yawa suka koma babbar taya gaba ƙarama baya bayan hukumar tseren keke ta duniya ta halatta haɗin a 2019.

Da maƙera suka ga ƙofar ƙari a rufe take, sai suka koma gyara yadda tayar ke tafiya. Kekuna irin Commencal Supreme da Trek Session na yanzu an ɗaga musu mahaɗar hannun baya sama, an sa wa sarƙa ƙaramin gare na juyi, don in taya ta bugi dutse ta ja baya tana hawa maimakon ta tunkare shi kai tsaye. Zurfin bai ƙaru ba, amma bugun ya ragu.

Misalin da na fi so a wannan magana daga nahiyarmu yake. A 2013 aka yi gasar duniya a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu, hanyar da ke da dogon fili a tsakiya inda sai an taka feda da gaske. Greg Minnaar, ɗan garin, ya ci a kan keken gangara sosai. Amma na uku, Jared Graves na Ostareliya, da keken enduro na Yeti, irin wanda ake hawa dutse da feda a kuma gangaro da shi, mai wajen 150 a baya, ya hau mumbari. Rana ɗaya, hanya ɗaya, kekuna biyu da ke da bambancin sama da milimita 50, duk suka samu lambar yabo. Da a Val di Sole ne da ba wanda zai yi wannan kasadar. Hanya ce ke faɗin zurfin da take so.

Abin da nake gani a kan benci

A jikin sandar kowane fok akwai ɗan zoben roba da ke tsayawa a iyakar inda fok ya shiga. Shi nake fara dubawa kafin mai keke ya buɗe baki. Bara wani saurayi ya turo keke mai 200 yana yarfe hannuwa, ya ce tafukansa sun yi kanta, a nemo masa fok da ya fi wannan zurfi ko nawa ne. Na sa ma'auni a zoben: 130. Kwana uku yana gangara bai taɓa wuce nan ba. Na juya fok ɗin na kwance ƙasansa, man da ya kamata ya zubo bai cika cokali ba, baƙi ƙirin, soson da ke ƙarƙashin sil ya bushe kamar ƙanzo. Iska kuma an dura masa ta mutumin da ya fi shi da kilo ashirin. Na wanke, na zuba sabon mai, na rage iska, na sassauta maɓallin dawowa. Da yamma ya dawo yana tambaya wane sabon fok na sa masa.

Maɓallin dawowar nan shi ne ɓarawon zurfi da ba a cika kamawa ba. Shi ke hana shok ya watso ka bayan ya lotsa. In an matse shi da yawa, shok ba ya gama miƙewa kafin dutse na gaba ya iso. Na farko ya ci 60 ya mayar da 40, na biyu ya ci 60 ya mayar da 40, kafin dutse na biyar keken yana tafiya a can ƙasan zurfinsa inda sifirin ya fi tauri. Mahayi ya ji duka, ya ɗauka shok ya yi tauri, ya rage iska, abin ya ƙara lalacewa. Keke mai 170 da aka saita daidai ya fi mai 200 da ke cikin wannan hali, nesa ba kusa ba.

Ni ma na taɓa yin wautar ta ɗaya ɓangaren. Farkon zuwana na ce tunda na biya kuɗin 200, sai na ci 200 a kowace gangarowa. Na sa sifirin mai laushi ƙwarai, keken ya zama kamar gado. A wata kwana mai saiwoyi na taka feda sau ɗaya, keken yana can ƙasa, feda ta caki kututture. Ban san lokacin da na bar keken ba. Tabon yana nan a ƙaurina, ƙashin wuya kuma ya yi mini wata biyu. Daidai shi ne zoben ya kai kusa da ƙarshe sau ɗaya ko biyu a yini, a wurin da ka san ka sha babban bugu. Sauran lokaci keken ya zauna a tsakiyar zurfinsa.

Akwai wani bambanci tsakanin kekunanka biyu da ya fi milimita 30 ɗin nan nauyi a wurina, shi ne kafaɗar fok. Mai 200 kusan tabbas kafaɗa biyu gare shi, ɗaya ƙarƙashin wuyan firem ɗaya samansa, sandunan sun haura har kusa da kan keke, ƙarfen tsakiyar taya kuma milimita 20 ne maimakon 15. Wannan fok ba ya murɗewa in duwatsu suna jan taya hagu da dama, inda ka nufa nan yake zuwa. Da yawa daga abin da mutane ke yabawa suna cewa zurfi ne, wannan tsayuwar ce. Kuɗinta shi ne nauyi, da kuma kan keke da ba ya juyawa sosai, sandar takan daki firem a matsattsiyar kwana. Tun da Fox 38 da RockShox Zeb suka fito a 2020 da sanduna masu kaurin milimita 38, fok mai kafaɗa ɗaya ya rage wannan rata ƙwarai. Gargaɗi ɗaya: kada ka sayi mai 170 da niyyar ɗaura masa fok na 200 daga baya sai in maƙerin firem ɗin ya rubuta cewa ya yarda. Ƙarin kowace milimita 20 yana kwantar da fok wajen digiri ɗaya, yana ɗaga cibiyar feda, yana kuma ɗora wa wuyan firem nauyin da ba a ƙera shi don shi ba. Na ga wuyan da ya tsage ta wannan hanya.

Wanne za ka saya

Tambayi kanka yadda za ka riƙa hawa dutsen, domin keken gangara ba ya hawa. Nauyinsa kilo 16 zuwa 18, giyarsa bakwai ne duk na gudu, sirdinsa a ƙasa. In babu motar igiya ko motar da ke jan tirelar kekuna, tura shi za ka yi da ƙafa kana haki. Motar igiyar Fort William ba ta ɗaukar kekuna duk shekara, lokacin bazararsu ne kawai, lokacin da ƙananan ƙwarin nan masu cizo suke gari, na san ka gaisa da su. Daga Gilasgo kuma tafiyar sama da awa biyu ce. Kusa da kai akwai kwarin Tweed, Innerleithen da Glentress, inda mafi yawan hanyoyin da ƙafarka za ka hau, ko da yake a Innerleithen akwai motar ɗauka. In ka ƙirga ranakun hutunka da gaskiya, zai yi wuya ranakun motar igiya su kai kashi ɗaya cikin huɗu.

Saboda haka ni a matsayinka mai 170 zan saya. Wanda ya fara watan jiya bai kai gudun da ke cinye 200 ba, kuma ba raini ba ne, kowa daga nan ya fara. Mai 170 zai kai ka ko'ina a Sikotlan, zai gangaro Fort William lafiya a gudun da kake yi yanzu, zai kuma koya maka zaɓen layi, abin da babban keke kan ɓoye wa sabon shiga har sai ranar da gudu ya wuce iyawarsa. Ko a tseren Megavalanche na Alpe d'Huez a Faransa, da ake tasowa daga kan ƙanƙara a tsayin sama da mita 3,300, irin mai 170 ɗin nan akasari ake hawa, saboda akwai wuraren taka feda. Ranar da ka je Fort William kana son babba, ka yi haya kamar yadda ka yi. In kuma kana tunanin wata rana ka koma da shi gida, duwatsun Jos babu motar igiya, mai 170 ne zai yi maka rana.

Mai 200 zai zama naka in ka tabbata hutunka duk a wuraren motar igiya zai ƙare, ko kana shirin shiga gasa, ko kai mai jiki ne sosai da ke jin fok mai kafaɗa ɗaya yana lanƙwasa a ƙarƙashinsa. Akwai riba ɗaya da ba a cika faɗa ba: keken gangara yana jure dukan yini guda na motar igiya fiye da na enduro, garensa da tayoyinsa da boris ɗinsa duk don haka aka yi su. Tsohon mai 250 kuwa ka bar shi inda yake. Tayarsa inci 26 ce, firem ɗinsa gajere ne mai tsayi, kayan gyaran shok ɗinsa sun yi wuyar samu. Araha ba ta ado.

Ni bakanike ne, ban taɓa ganin hawanka ba, ban kuma auna nauyinka ba, saboda haka adadin iska ko lambar sifirin sai wanda ya sa ka a kan keken ya auna. Amma ga abin da za ka duba kafin ka ba da kuɗi, kowanne ka zaɓa. Bi sandunan fok da farce, in farcenka ya maƙale a wani karce, wannan karcen zai riƙa yanka sil yana zubar da mai, kuma canjin sanda ya kusa kuɗin wani fok na hannu. Tambayi ranar da aka yi wa shok sabis na ƙarshe ka nemi rasit. RockShox na cewa a canza man ƙasan fok duk bayan awa 50 na hawa, Fox kuma cikakken sabis duk awa 125 ko shekara guda, kuma ba kowa ke yi ba. Ɗaga sirdi a hankali ka saki, in ka ji ƙwas-ƙwas to boris ko bushin ya ci. In shok ɗin baya na sifirin ne, karanta lambar da ke jikinsa, 400 ko 450 ko 500, domin nauyin tsohon mai shi aka saya wa, kuma murɗa zoben da ke kansa ba ya mayar da shi naka, sai dai ka sayi wani.

In ka kawo shi gida, saita lotsawar zama sanye da hular kwanonka da duk kayan da kake hawa da su. Tura zoben roban ƙasa kafin kowace gangarowa, in babu zobe ka ɗaura siririyar igiyar roba irin ta ɗaure wayoyi. Ka riƙa aunawa kana rubutawa har wata uku. In zoben yana kaiwa ƙarshe a kowace gangarowa bayan lotsawar zama ta yi daidai, fara da sa wa ɗakin iska 'yan robobin nan da ke rage faɗinsa, guda ɗaya ka gwada. In ka sa biyu ko uku yana nan yana ƙurewa, hannunka kuma yana mutuwa kafin rabin dutse, ka sake rubuto mini mu yi maganar mai 200.